Kashi 62 ko kashi 86: wanne ne talaucin Gombe?

Ɗan Kumo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin cikinmu. A 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta ce kashi 62 cikin ɗari na mutanen jihar Gombe matalauta ne. A Nuwamban 2022 ita dai wannan hukuma ta dawo ta ce kashi 86 ne, har muka shiga sahun gaba tare da Sakkwato da Bayelsa. Me ya same mu a wannan ɗan tsakanin? Fari aka yi ko fara ce ta sauka ban ji labari ba? Ko dai a ofis ake zama a tsaro lambobin?

Bakatagume: Wa alaikumus salam. Ku da kuka ɓalle daga Bauchi a 1996 kuna cewa za ku huta, ga shi nan ai.

Ɗan Kumo: Hamma, kar ka soma. A rahoton 2020 ɗin Bauchi kashi 61 da ɗoriya ce, mu 62. Da me kuka fi mu?

Malamin Bajoga: Ɗan Kumo, ba fari aka yi ba, kuma ba ƙirƙira ba ce. Abu biyu daban aka auna.

Na farkon awon aljihu ne. Daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ma'aikatan NBS sun shiga gidaje wajen dubu 22 a faɗin ƙasa, suna tambayar abin da aka ci da abin da aka kashe. Sai aka lissafa kuɗin abincin da zai ba mutum kalori 2,251 a rana, aka ɗora na sutura, haya, magani da makamantansu, ya tashi naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya. Naira 376 ke nan a rana. Duk gidan da in aka raba abin da ya kashe ga yawan mutanensa bai kai wannan ba, matalauci ne. Da haka aka samu kashi 40.1 a ƙasa baki ɗaya, mutum miliyan 82.9. Karkara kashi 52, birni kashi 18. Legas ba ta kai kashi 5 ba, Sakkwato, Taraba da Jigawa kuma kowacce ta haura 87. Borno ba ta cikin lissafin saboda rashin tsaro.

Na biyun, na 2022, bai tambayi aljihunka ba sam. Abubuwa 15 ya duba a fanni huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zaman gida, sai aiki da tsaro. Akwai yaron da ba ya zuwa makaranta? Wane ruwa ake sha, kuma yana samuwa kullum? Akwai bayan gida mai kyau? Da me ake girki? Tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti? An taɓa kwana da yunwa? Gidan da ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin waɗannan, ya shiga. Shi ne ya ba da miliyan 133, kashi 63 na 'yan ƙasa, kuma miliyan 86 daga ciki a Arewa suke.

Don haka ba za ka jera 62 da 86 ka ce talauci ya ƙaru da 24 ba.

Ɗan Tudun Hatsi: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma tsaya. Ka ce girki da icce ko gawayi alamar talauci ce? To ni na san alhazan da suke loda tirela biyu ta masara a mako, kuma gidajensu da icce ake tuƙa tuwo. Gidan mutum talatin wa zai tuƙa masa tuwo a kan gas? Su ma matalauta ne?

Malamin Bajoga: Icce shi kaɗai ba ya sa ka ciki, Alhaji. Sai rashin ya taru. Amma tambayarka tana da tushe. Ɗauki makiyayi a dajin Dukku mai shanu hamsin. Yaransa ba sa makaranta, ruwan tafki yake sha, babu masai, ɗakin kara ne, asibiti sai an yi tafiya. A awon 2022 matalauci ne, ko da zai iya sayar da bijimi biyu ya sayi babur gobe.

Ɗan Tudun Hatsi: To ka je ka faɗa masa shi matalauci ne, ka ga yadda sanda ke aiki.

Adda Mai Awara: Ni kam wannan na biyun ya fi kwanta mini. Alhaji, kai kana kasuwa, ba kai kake shaƙar hayaƙin ba. Mai shanu hamsin ɗin nan, in naƙuda ta zo wa matarsa da gardama cikin dare, shanun ne za su karɓi haihuwar? Dukiyar tana hannun maigida, wahalar tana wuyan matan gida da yara. Wanda ya ce a duba ruwa da asibiti ya san abin da yake yi.

Baffan Deba: Adda ta faɗi gaskiya a nan. Kuma ku lura, yawancin abin da awon 2022 ya duba ba abin da magidanci zai saya wa kansa ba ne. Famfo, asibiti, makaranta, tsaro, duk aikin gwamnati ne. Ni a ganina kashi 86 ɗin nan sakamakon jarrabawar masu mulki ne fiye da na talakawa. Ga madatsar Dadin Kowa a cikin jihar nan, amma ƙauyuka nawa ne har yanzu mata ke tashi da asuba neman ruwa?

Shugaban Zaure: Baffa, a yi haƙuri a bar siyasar jam'iyya a waje kamar yadda muka saba. A ci gaba.

Baffan Deba: Ban ambaci jam'iyya ba, ranka ya daɗe. Duk sun yi mulki, ruwan bai zo ba.

Ɗan Kumo: Na gane bambancin yanzu. Amma gida dubu 22 a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200? Gombe nawa aka shiga? Mu dai unguwarmu ba wanda ya taɓa ganin mai tambaya.

Malamin Bajoga: Gida wajen 600 a kowace jiha. Ba laifi ba ne in an zaɓe su da ƙuri'a, ba son rai ba. Zai ba ka hoton jiha, amma ba zai gaya maka bambancin Nafada da Billiri ba, balle na unguwarku. Na 2022 ya fi faɗi, gida sama da dubu 56, shi ya sa aka iya fitar da sakamako har na mazaɓun sanata 109. Inda matsalar take shi ne a mayar da kason zuwa yawan mutane. Ƙidayar ƙarshe a 2006 aka yi ta, lokacin Gombe tana da mutum miliyan 2 da dubu ɗari uku da wani abu. Ta 2023 an ɗage ta. Duk "miliyan kaza" da kake ji, hasashe ne aka ɗora a kan ƙidayar da yaran da aka haifa a shekararta yanzu wasu sun yi aure.

Tsohon Mai Tambaya: Bari in sa baki, don na taɓa yin irin wannan aiki, ba da gwamnati ba, da wata ƙungiya. Takarda daban, zaure daban.

Za ka yi sallama, a shimfiɗa maka tabarma a zaure, maigida ya fito. Tambayar farko ma rigima ce: mutum nawa ne a gidan? Mu a wurinmu gida shi ne masu ci daga tukunya ɗaya. To ga tsoho da 'ya'yansa uku masu aure a gida guda, da damina gandu ɗaya suke yi su ci tare, da rani kowa ya koma tukunyarsa. Gida ɗaya ne ko huɗu? Yadda ka rubuta shi zai iya sa su cikin talauci ko ya fitar da su. Kuma wani dattijon ba ya son a ƙirga masa 'ya'ya, sai ya ce "suna nan dai, alhamdu lillahi".

Sai ka zo kan abinci: cikin kwana bakwai da suka wuce, gero nawa aka ci, mai nawa, gishiri nawa, nama nawa? Maigida ya san awon da ya fitar daga rumbu, shi ke nan. Bai san uwargida ta sayar da ƙuli ta sayi manjan ƙulli ba, bai san amarya ta karɓo bashin daddawa a maƙwabta ba, bai san ɗan wake da yara suka saya a waje ba. Kai kuma namiji ne, ba za ka shiga ciki ba. Sai ka ga ana aika yaro yana kai da komo tsakanin zaure da tsakar gida: "wai Inna ta ce magi na hamsin ne". Ranar da muke tare da ma'aikaciya mace, lissafin gida ɗaya sai ya canza gaba ɗaya.

Sannan mutane iri biyu ne. Akwai wanda ya ɗauka tallafi ka kawo, zai ce rabonsa da nama tun layya alhali ga kaji suna yawo a gabanka. Akwai kuma wanda kunya ba za ta bar shi ba. Wani dattijo ya ce mini sau uku ake ɗora tukunya a gidansa. Da na nemi ruwan alwala na leƙa ta ƙofar zaure, murhun ko toka mai ɗumi babu, ga shi azahar ta wuce. Abin da ya faɗa na rubuta, don haka aka koya mana.

Adda Mai Awara: Allah sarki. Irin waɗannan sun fi yawa wallahi. Mu da muke saye da sayarwa a cikin gida mu muke ganinsu. Matar da da take aiko yaro da kwano a zuba awara ta gidan gaba ɗaya, yanzu ta ƙananan yara kawai take saya, ita ta ce azumi take. Miyar kuka ce ba mai, tuwon dare a rage a ɗumama da safe, rana kuma kowa ya yi ta kansa. In ka gan ta a gidan biki da mayafinta a goge ba za ka taɓa cewa ga halin da take ciki ba. Kuma akuyar da take turke bara ba ta nan, an sayar an biya kuɗin magani. Wannan wace takarda ce take kama shi?

Malamin Bajoga: Adda, awon aljihu ma zai iya ruɗuwa a nan. Makon da aka sayar da akuyar aka yi cefane, gidan zai fito kamar ya samu sauƙi, alhali jarinsa ya cinye.

Ɗan Tudun Hatsi: Kuma wane wata aka je? Wannan ita ce tambayata. Ka shiga ƙauye a Disamba, rumbu cike, ana biki, kowa sarki ne. Ka koma gidan nan a Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, shi ne zai zo wurina neman bashin tiya biyu a biya da kaka. Masarar da ya sayar mini da arha ita zai saya da tsada. Mutum ɗaya ne fa.

Malamin Bajoga: Sun san da wannan, Alhaji. Binciken 2018 zuwa 2019 wata goma sha biyu aka yi ana yinsa don a ratsa kaka da damina. Akwai kuma wani da NBS take yi da Bankin Duniya tun 2010, wanda ake komawa gidaje guda sau biyu, bayan shuka da bayan girbi. Sai dai a ƙarshe lamba ɗaya ake ba jama'a, ita kuma ba ta nuna wanda yake faɗawa ya fita duk shekara.

Alaramman Nafada: Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Malamanmu sun daɗe da yin wannan awo saboda zakka, tunda aya ta 60 a Suratut Tauba ta fara da fakirai da miskinai. A mazhabar Malikiyya, wanda abin hannunsa ba zai kai shi shekara ba ya cancanci zakka, ko da yau yana da abin ci. Wanda ba shi da komai kuma halinsa ya fi tsanani. Kun ga an raba su mataki biyu, kuma da shekara aka auna, ba da kwana bakwai ba. Abin da Alhaji yake faɗa ke nan. Da za a tambayi magidanci "hatsinka wane wata yake kai ka?", amsar za ta fi ta magi da gishiri nuna gaskiya, kuma maƙwabtansa za su iya shaida.

Kawu Na Kaltungo: Allah gafarta Malam, wannan ya yi wa manomi daidai. Mu ma'aikata fa? Ba mu da rumbu, albashi ne rumbunmu. Ku yi lissafin nan da ni. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. A shekara 840,000. Mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, su bakwai ke nan, kowa ya tashi da 120,000. Bai kai 137,430 ɗin ba, kuma wannan layin talaucin na 2019 ne, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Yau naira 376 ko rabin lita ba ta saye. Amma da yake ina sa riga mai guga in tafi ofis, ba wanda zai rubuta sunana a cikin mabuƙata.

Bakatagume: Kawu, sai ka riƙa zuwa da yagaggiya.

Ɗan Kumo: To yanzu ku amsa mini abu ɗaya. Talaucin ƙaruwa yake ko raguwa? Don na ga inda aka ce a 2010 kashi 69 ne, a 2019 kuma 40. Ashe an samu ci gaba ke nan?

Malamin Bajoga: Nan ne 'yan siyasa suke cin kasuwarsu. Alhaji, in bara ka auna buhu da ƙaramin mudu, bana ka auna shi da babba, adadin ya ragu, hatsin ne ya ragu?

Ɗan Tudun Hatsi: Wanda ya yi haka a Tudun Hatsi sai ya kwana a hannun sarkin kasuwa.

Malamin Bajoga: To shi ne. Kashi 69 na 2010 an same shi ne ta hanyar gwada kowa da matsakaicin abin da jama'a ke kashewa. Ko a shekarar, da aka auna da layin buƙatun dole kashi 61 aka samu. A 2019 an canza takardar tambayoyin, an canza yadda ake karɓar bayanin abinci, an ja sabon layi. NBS da kanta ta ce kada a gwada su. Tsofaffin lambobin da ake yawo da su, kashi 27 a 1980, kashi 65 a 1996, kashi 54 a 2004, su ma a riƙe su da hattara.

Irin haka ta faru da rashin aikin yi. Ƙarshen 2020 kashi 33.3 ne, farkon 2023 ya zama 4.1. Ba masana'anta aka buɗe ba, cewa aka yi wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako yana da aiki. Hauhawar farashi ma daga 34.8 a Disamban 2024 ta koma 24 da ɗoriya a Janairun 2025 saboda an sabunta tsarin lissafin. Bankin Duniya shi ma yana matsar da layinsa na abin da mutum ke kashewa a rana: dala 1.90 a 2015, dala 2.15 a 2022, dala 3 a 2025. Wasu canje-canjen suna da hujja mai kyau. Laifin shi ne a ɗauko lambar tsohon awo a jera da ta sabo a ce an yi aiki.

Amma in ra'ayina kake tambaya, ƙaruwa yake, kuma ba kaɗan ba. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira, tsadar abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024. Tun a 2019 kashi 56 na abin da gidaje ke kashewa a ƙasar nan abinci ne, mu nan kuwa ai ya fi haka. Bankin Duniya ya yi hasashen matalauta miliyan 139 a 2025. Hasashe ne, an ɗora tsadar kaya a kan tsohon bincike, amma alƙiblarsa ba ta saɓa da abin da Adda take gani a kwanon awara ba.

Baffan Deba: Kuma a tuna a ranar 12 ga Yunin 2019 aka yi alkawarin fitar da mutum miliyan 100 daga talauci cikin shekara goma. A 2021 aka ce an fitar da miliyan 10 da rabi. Da wane binciken aka ƙirga su, tunda ba a sake shiga gidaje ba a tsakanin?

Ɗan Tudun Hatsi: Malam, ban yarda da kai duka ba. Hatsi ya sauko a 2025, kowa ya gani. Kawu da yake saye ya samu sauƙi.

Kawu Na Kaltungo: Na samu, ba zan ɓoye ba. Amma haya da kuɗin makaranta da na mota ba su sauko ba.

Baffan Deba: Mu da muka noma fa? Taki da tsada muka saya, maganin feshi da tsada, kuɗin ƙwadago da tsada, muka zo sayarwa farashi ya faɗi. Sauƙin Kawu daga jikina aka yanke shi. In an zo awo bana, birni zai nuna sauƙi, ƙauye kuma sai baɗi za a gani, lokacin da mutum ya kasa sayen taki ya rage gona.

Adda Mai Awara: Ni duk wannan lissafin, abin da ya dame ni shi ne wa ake ba wa in tallafin ya zo. Lokacin naira 5,000 a wata, da na 25,000 da aka sanar a 2023, a layinmu akwai gwauruwa mai marayu huɗu da ba ta taɓa gani ba, ga mai shago yana karɓa.

Tsohon Mai Tambaya: Adda, wannan rajista ce daban, ba binciken NBS ba. Binciken ba ya ajiye suna don rabo, kaso kawai yake fitarwa. Rajistar mabuƙata kuwa a ƙa'ida jama'ar gari ake tarawa, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi abin da suke kira talauci a wurinsu, su lissafo gidajen. Sai ma'aikata su bi su duba rufi, ɗaki, kadara, kwamfuta ta jera su. Tsarin ba shi da laifi a takarda. Amma wa aka kira taron? Gwauruwar da take takaba ko take kunyar fita, wa zai ambace ta? A Yulin 2023 gwamnoni da kansu a Majalisar Tattalin Arziƙi ta Ƙasa suka ce ba su amince da rajistar ba. Yanzu kuma an haɗa biyan da lambar NIN da asusu, wanda ya rage sunayen bogi, amma tsohuwar da ba ta da waya balle asusu ta ƙara nisa.

Alaramman Nafada: Shi ya sa na ce a koma wa liman da mai unguwa. Su suka san gidan da ba a hura wuta ba.

Kawu Na Kaltungo: Allah gafarta Malam, da fasto a namu ɓangaren. Amma mai unguwa ma yana da 'yan uwa da surukai. In ba a karanta sunayen a bainar jama'a kowa ya ji ba, wurin da aka baro za a koma.

Alaramman Nafada: Karanta sunan mabuƙaci a bainar jama'a kuma tozarci ne, Kawu. Dattijon da Mai Tambaya ya ba da labarinsa zai gwammace ya kwana da yunwa.

Kawu Na Kaltungo: To a karanta a gaban mutum goma da unguwa ta zaɓa, rabi mata.

Adda Mai Awara: In dai da mata a ciki na yarda. Amma ba matar mai unguwa ba.

Ɗan Kumo: Malamin Bajoga, in sabon rahoto ya fito ka taimaka ka duba mana ko da irin awon 2019 aka yi shi kafin a fara yaɗa lambar a nan.

Malamin Bajoga: In sha Allah. Abu uku zan fara dubawa: nawa aka sa layin, wane watanni aka shiga gidajen, kuma an sa Borno ko ba a sa ba.

Bakatagume: Ka duba mana na Bauchi ma, Malam. In mun fi Gombe ko da ɗigo ɗaya ne ina so Ɗan Kumo ya fara ji daga bakina.